Ƙwayar Tara: Abin da ke Cikinta, Amfaninta da Haɗarinta

Gabatarwa

Kalmar tara da ake nufi a nan ba ta Hausa ba ce. Ba ta da dangantaka da tara ta ƙidaya, ko tara kaya, ko tarar da alƙali ke ci. Suna ne na wani itace a harshen Kecuwa na mutanen duwatsun Andes, a Amurka ta Kudu. Masana tsirrai suna kiransa Caesalpinia spinosa. Ƙasar Peru ce ta fi kowace ƙasa nomansa, musamman a yankunan Kajamarka da Ayakuco.

Kamannin itacen

Tara ɗan gajeren itace ne mai ƙaya, dangin wake da ɗorawa. Yana jure fari. Yana yin kwanso ja, kowane kwanso da ƴan ƙwayoyi masu tauri a ciki. Kwanson yana da bauri ƙwarai saboda sinadarin tanin da ke cikinsa, shi ya sa ake jima da shi, kamar yadda majema a ƙasar Hausa suke yi da bagaruwa. Mutanen Peru kuma sukan dafa shi su kurkure baki idan maƙogwaro na ciwo, ko su wanke rauni.

Sassan ƙwayar

Ƙwayar ta kasu kashi uku: ɓawo, da farin tsoka na tsakiya, da ɗan idon da yake tsira idan an shuka. Na biyu da na uku su ne abin lura, domin sun sha bamban.

Daga farin tsokan ake samun garin da ake kira ƙaron tara, wanda lambarsa a Turai ita ce E417. Idan aka zuba shi a ruwa yakan yi kauri da yauƙi. Saboda haka ake sa ɗan kaɗan cikin askirim da yogot da miyar gwangwani. Ƙaramin hanji ba ya narkar da shi. Irin wannan abu yakan jinkirta shigar sukari cikin jini, ya rage kitsen jini, ya kuma sauƙaƙa bayan gida. Sai dai yawancin binciken da ya nuna haka a kan ƙaron guwa aka yi shi, wato wani ɗan'uwansa da ake nomawa a Indiya. Ban da haka, abin da ake sawa a abinci bai taka kara ya karya ba, balle a ce magani ne.

Idon kuwa cike yake da furotin, wato sinadarin gina jiki, fiye da kashi 40 cikin 100. Wannan ya sa wasu kamfanoni suka fara niƙa shi gari don abincin mutane.

Abin da ya faru a Amurka

A watan Yuni na shekarar 2022 kamfanin Daily Harvest ya janye wani abincinsa daga kasuwa. Ɗaruruwan mutane sun yi rashin lafiya bayan sun ci shi. Fiye da 100 aka kwantar a asibiti, da yawa hantarsu ta taɓu, wasu har aka cire musu matsarmama. Bincike ya kai ga garin idon tara. A 2023 masana a Jami'ar Misisifi suka nuna cewa wani sinadari mai suna baikiain da ke cikin garin shi ne abin zargi. A watan Mayu na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce garin bai cika sharuɗɗan shiga abinci ba. Hukuncin bai shafi ƙaron tara ba.

Kammalawa

Ƙwaya ɗaya ce, amma wani sashe an daɗe ana ci lafiya, wani kuwa ya kai mutane asibiti. Yawan furotin kaɗai ba ya sa abu ya zama abinci. Dole a gwada shi tukuna, sannan a kai kasuwa.