Kifin Da Kishiya Ke Yi Wa Rana

Yau kan kifin moli zan yi muku magana, ɗan kifin adon nan da ake sakawa a akwatin gilashi a falo. Asalinsa daga ruwayen Meziko da Amurka ta Tsakiya yake, akwai baƙi wuluk, akwai fari, akwai mai ruwan zinare. Ana cewa ba shi da faɗa. To, ni dai da nake kiwonsa na ce da sauran magana.

Namijin moli ba ya gajiya da bin mace. Tun safe har dare yana biye da ita, yana zungurinta da baki, ko abinci ba ya barinta ta ci cikin natsuwa. In ita kaɗai ce a akwatin, sai ki ga ta maƙale a lungu, ta tsuke fukafukanta, tana ramewa. Wallahi abin tausayi, wata ma har ta mutu. Shi ya sa masu kiwo suke zuba mata biyu ko uku ga kowane namiji, don a raba wahalar. Kun ji inda kishiya take rahama!

Maza biyu kuwa a wuri matsattse, sai ƙaƙƙarfan ya hana ɗayan sakat, ya yi ta korarsa yana yagar masa jela. Saboda haka kada akwatinki ya gaza lita 75, wato jarka uku mai lita 25, ki kuma sa tsirrai da duwatsu inda wanda aka kora zai ɓuya. Gane namiji ba wuya: fiffikensa na ƙasan ciki siriri ne kamar tsinke, na mace kuma a buɗe yake kamar mafici.

Moli ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kuma in ba ki raba su ba, manyan za su haɗiye jariran, har da uwar.

Akwai ma wata 'yar uwarta a Tekzas da arewa maso gabashin Meziko, ana ce mata moli Amazon. A 1932 masana suka gano cewa duk zuriyarta mata ne. Takan sadu da namijin wani dangin moli don cikin ya kankama, amma 'ya'yan ita kaɗai suke gado, uban bai da ko kama.