Gidan Lu Shun, Mai Alƙalamin Ƙasar Sin

A Bejin, babban birnin ƙasar Sin, akwai wani ɗan gida wanda hukuma ta mayar gidan tarihi a 1956, shekara 20 daidai da rasuwar mai shi. Mai gidan nan marubuci ne, ana ce da shi Lu Shun. An haife shi a garin Shawshin a 1881, ya rasu a Shangai a 1936.

Tun yana yaro ya san wuya. Mahaifinsa ya daɗe kwance, shi kuwa kullum yana kai kayan gida jingina, ya karɓo kuɗi ya sayo magani, har uban ya cika a 1896. Wannan ya sa ya tafi Sendai ta ƙasar Japan a 1904 neman ilimin likita. Can aka nuna musu hoton wani Basine za a fille masa kai, 'yan'uwansa sun kewaye suna kallo, ba wanda ya damu. Sai ya ce a ransa cutar mutanensa ta zuciya ce, kuma alƙalami ne maganinta. Ya bar likitanci a 1906.

A zamanin nan malaman Sin suna rubutu da tsohon harshe wanda talaka ba ya ganewa. Shi kuwa a 1918 ya fitar da labarin da ya kira Littafin Mahaukaci da harshen da ake yi a kasuwa, matasa suka bi sawunsa.

Ya zauna a gidan nan daga 1924 zuwa 1926. A bayan ɗakin tsakiya akwai ɗan ƙuryar da ake kira Wutsiyar Damisa. Nan ne makwancinsa, nan ne wurin rubutunsa. Teburinsa da fitilarsa ta kananzir suna nan, ga hoton malaminsa Fujino a bango, don bai manta da alherin wanda ya koyar da shi ba. Itatuwan furanni da ya dasa da hannunsa a 1925 suna tsakar gida. An kuma adana dubban littattafansa, da wasiƙu, da takardun da ya rubuta, har da gyare-gyarensa.

To, malamai da attajirai, ga abin lura. Tawada ta fi mai ita tsawon rai, amma sai in an tsare ta daga gara da ruwa da rabon gado. Wanda duk ya gaji gafakar littattafai, ya san amana ce a hannunsa.