Fulawar Bogenbiliya: Yadda Ake Dasa Reshenta A Raine Ta A Tukunya



Duk wanda ya zaga garin Yelwa da rani zai ga wata fulawa mai ƙaya ta haye katangun gidaje da makarantu, ja ko ruwan hoda ko fara, tana sheƙi a lokacin da sauran tsirrai suka yi yaushi. Sunanta bogenbiliya, wasu kuma suna ce mata fulawar takarda. Asalinta daga Kudancin Amurka take, musamman ƙasar Birazil, kuma ta samo sunanta ne daga wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Faransa, Louis Antoine de Bougainville, wanda ya yi tafiyar zagaya duniya tsakanin 1766 da 1769. Abin da muke gani mai launi ɗin nan ma ganye ne da ya rikiɗe. Ainihin furen ɗan ƙarami ne, fari, yana ɓoye a tsakiya.

To me ya haɗa mai kaji da kifi da fulawa? Abin da take buƙata kusan duk yana hannunka: kashin kaji, ruwan kandamin kifi, tsofaffin bokitai, ga yashin bakin kogi da ɓuntun shinkafa, waɗanda ba sa wuya a Yauri da Ngaski da Shanga. Iri kuma ba saye za ka yi ba, reshe ne za ka roƙa wurin maƙwabci. Idan ta girma tana zama shinge mai ƙaya a kewayen ɗakin kaji, in kuma a tukunya take, haja ce ta sayarwa kafin kifi ya isa kamu.

ZAƁEN RESHE

A nan mafi yawan mutane suke yin asara. Ɗanyen toho mai laushi ruɓewa yake yi, tsohon reshe da ya yi tauri kuma yana daɗewa bai fitar da saiwa ba. Nemi na tsakiya, wanda ya fara sauyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa, mai kaurin fensir. Yanke shi da safe da almakashi mai kaifi, tsawon santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi guda, ya zama yana da gaɓa uku zuwa biyar. Yankan ƙasa ya kasance a karkace, dab da ƙarƙashin gaɓa, don daga nan saiwa take fitowa. Cire ganyen ƙasa da fure gaba ɗaya, ka bar ganye biyu a sama. Ka yi hattara kar ka juya shi, domin reshen da aka dasa kai ƙasa ba ya kamawa. Sa safar hannu, ƙayarta tana da dafi a fata.

ƘASAR RAINO

Haɗa yashi kashi biyu da ƙasa mai laushi kashi ɗaya. In kana da ɓuntun shinkafa da aka ƙona ya yi baƙi amma bai zama toka ba, ƙara kaɗan, yana sa ƙasa ta sha iska. A wannan matakin kada ka sa taki ko kaɗan. Reshen ba shi da saiwar da zai ci da ita, taki kawai ruɓar da shi zai yi.

Ledar fiya wata ta wadatar: yanke bakinta, ka huhhuda gindinta. Idan ka samu garin sa saiwa a shagon kayan gona, tsoma gindin reshen a ciki ka kaɗe. Ba dole ba ne, amma yana ƙara yawan waɗanda za su kama. Yi rami da tsinke, ka saka reshen har gaɓa biyu su nutse, ka danna ƙasar, ka ba shi ruwa. Daga nan ka kifa masa farar leda ko gorar ruwa da aka yanke gindinta don danshi ya zauna, ka ajiye a inuwa mai haske, kamar gindin dogon yaro.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne damina, daga Yuni zuwa Agusta, saboda iska tana da laima. Sai dai ka kare su daga ruwan Agusta, kada ledojin su zauna cikin ruwa. Da hunturu kuwa iska tana busar da reshe kafin ya yi saiwa.

HAƘURI

Yawanci sai ya yi mako shida zuwa goma kafin saiwa ta kama sosai. Wani reshen zai yi sabon toho tun mako na biyu, amma kada wannan ya ruɗe ka, abincin da ke jikinsa yake ci. Kar ka riƙa tumɓuke shi kana dubawa. Jira sai ka hango farar saiwa ta jikin leda ko ta hujin ƙasa. Ba duka ne za su kama ba, ko a hannun gwanaye, saboda haka in 50 kake so, dasa 100.

MAYARWA TUKUNYA

Saiwar bogenbiliya siririya ce, saurin tsinkewa gare ta. Tsaga ledar da reza, ka ɗauki ƙasar a dunƙule, ka sa a tukunya ba tare da ka wargaza ta ba. Tukunyar ƙasa ta fi, don tana tsotse ruwan da ya yi yawa, amma bokiti ko jarka da aka yanke ma ya yi, muddin akwai huji. Kada ka ba ƙaramin tsiro ƙatuwar tukunya. Ta fi yin fure idan saiwarta ta ɗan takura. Yanzu ne za ka sa taki: ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen kashin kaji kashi ɗaya. Wanda aka kwaso yau daga ɗakin kaji ƙona saiwa yake yi, sai ya kwana aƙalla wata uku a tare ana juya shi. Ka fito da ita rana a hankali cikin mako guda, ka kuma nisanta ta daga awaki.

ME YA SA TAWA BA TA FURE?

Wannan ita ce tambayar da masu kiwo suka fi yi, kuma dalilin yawanci gata ne ya yi yawa. Kashin kaji da ruwan kandamin tarwaɗa suna cike da sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye. Yana da amfani lokacin da tsiron yake ƙarami, sau ɗaya a mako. Amma da zarar ya yi rassa, ka rage, in ba haka ba za ka samu kurmi kore shar babu launi. Ruwan da aka zuba wa gishiri ko magani don jinyar kifi kuwa, kar ya kusanci tukunya.

Tana son rana ta aƙalla awa shida a yini. Ruwa kuma sai saman ƙasa ya bushe. Tsoma yatsa, in ka ji danshi ka bari sai gobe. Ɗan ƙishin nan shi ke tura ta yin fure, shi ya sa take ƙawata gari da rani. A zafin Maris da Afrilu dai tukunya tana saurin bushewa, ka riƙa dubawa kullum. Bayan fure ya zube, datse kan rassan, domin a sabon toho take sake yin wani. Rassan da ka datse kuma su ne irin zagaye na gaba.

KASUWA

Mai saye launi yake gani, don haka ka fitar da ita lokacin da take cikin fure. Tun wajen yanka ka ware kowane launi da alama, saboda kafin ta yi fure ba ka iya bambancewa, kuma wanda ya biya kuɗin ja ya samu fara ba zai dawo ba. Fara da makarantu, gidajen mai, masaukan baƙi da masu sabon gini a Yelwa, kafin ka yi tunanin Kontagora ko Birnin Kebbi. Kada ka taɓa jarin abincin kaji don wannan. Fara da reshe 20 a wannan damina, ka ga yadda hannunka yake, sannan ka ƙara.

Allah Ya sa albarka a cikin nema.