Kyanwoyin Istanbul: Tsakanin Kwanon Abinci da Wuƙar Likita

A Istanbul kyanwa kan yi barcinta a kan kujerar gidan shayi, mai shago ya ƙyale ta, ya ɗauko wa baƙonsa wata kujerar. Za ka gan su kwance a kan tarin littattafai a shaguna, ko a kan motar da aka kashe ba da jimawa ba suna shan ɗuminta, ko a gadar Galata sun zuba wa masu kamun kifi ido. Kusan kowane lungu akwai gindin gorar roba da aka yanke aka cika da ruwa, ga ɗan tsibin busasshen abincin kyanwa a kan kwali. In hunturu ya kama, sai 'yan unguwa da ƙananan hukumomi su jera musu 'yan ɗakunan katako a gefen hanya, a shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Birni ne mai mutum sama da miliyan 15, kuma ko mafi ƙarancin ƙiyasi ya ce kyanwoyin da ke yawo a titunansa sun haura dubu 100. Ba su da mai su, amma kowa na jin da haƙƙinsu a wuyansa.

Duniya ta san wannan labarin. Fim ɗin Kedi na Ceyda Torun, wanda ya fito a 2016, ya bi rayuwar kyanwoyi bakwai na birnin, ya kuma samu karɓuwa har a Amurka. A shekarar ce aka kafa wa Tombili mutum-mutumi a Kadikoy, wata ƙatuwar kyanwa da hotonta ya zaga intanet tana kishingiɗe a gefen hanya kamar attajirin da ya gama cin rana. Gli kuwa, kyanwar da ta yi shekara 16 a cikin ginin Aya Sofiya, har Barack Obama ya shafa ta da ya kai ziyara a 2009. Da aka mayar da ginin masallaci a 2020, sai da mai magana da yawun shugaban ƙasa ya fito ya tabbatar wa jama'a cewa ba za a kore ta ba.

Tushen wannan tausayi ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa. Duk wanda ya zauna zauren karatu ya ji hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A Muwaɗɗar Imam Malik akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkato wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce ba najasa ba ce. A zamanin Daular Usmaniyya har sana'a ce: akwai masu yawo da hanta da tarkacen nama, mutum ya biya su, su ciyar da kyanwoyin titi a matsayin sadakarsa. Da ma birnin na bukatarsu. Gidajensa na katako ne, tashar jiragen ruwa ce cike da rumbunan hatsi, ɓera kuwa ba ya jiran gayyata.

Sai dai wanda ya zauna ya ƙare wa kyanwoyin nan kallo zai lura da abin da mai ɗaukar hoto kan tsallake. Da yawa daga cikinsu an ɗan yanke musu bakin kunne ɗaya. Yankan a tsaftace yake, ba irin yagar da muzurai kan yi wa juna a faɗa ba. Likitan dabbobi ne ya yi shi, alama ce cewa an kama wannan kyanwa, an yi mata aikin hana haihuwa, an yi mata allurar rigakafi, an maido ta inda aka ɗauke ta. A ganina wannan ɗan yankan ya fi duk mutum-mutumin da kwanonin abincin muhimmanci, kuma shi ne ɓangaren labarin da masu fafutukar kare dabbobi suka fi shan wahalar fahimtar da jama'a.

Dalilin lissafi ne. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, ita kanta ba ta gama girma ba. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne. Barbarar ce ke sa ta saki ƙwan haihuwa, don haka da wuya muzuru ya hau ta a tashi a banza, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin kafin ta gama yaye na farko. Tsibirin Mariyon na ƙasar Afirka ta Kudu ya nuna inda wannan ke kaiwa. An kai kyanwoyi biyar can a 1949 don su kama ɓerayen da suka addabi tashar masu binciken yanayi. Zuwa 1977 sun kai kusan 3,400, suna cinye tsuntsayen teku dubbai, kuma sai a 1991 aka iya gamawa da su.

A cikin birni ba a ganin irin wannan hauhawa, domin mutuwa ce ke rage su. Wani bincike da aka yi a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka, aka wallafa a 2004, ya gano cewa kashi 75 cikin 100 na 'ya'yan kyanwoyin titi sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata shida. Uku cikin huɗu ke nan. Mota ta taka wasu, kare ya kama wasu. Wasu kuma cuta: murar kyanwa da ke liƙe musu idanu da ruwan ƙwantsa har su makance, da wata cutar hanji mai sa amai da gudawa wadda kan share ɗaukacin 'ya'yan uwa ɗaya cikin 'yan kwanaki. Wanda ya taɓa ɗaukar ɗan kyanwa mai sati uku a tafin hannunsa, ciki a kumbure da tsutsa, jiki duk ƙuma, kukan ma ba ya fita sosai, ya san abin da ake nufi.

A nan ne maganar ke da ɗaci. Mai zuba abinci kullum a bakin titi, da kyakkyawar niyyarsa, yana ƙara wa uwar ƙarfin haihuwa. Ta ƙoshi, ta haifi da yawa, ta haihu akai-akai, kyanwoyin wasu unguwanni su ji labari su taho. Wurin ya cika, cuta ta samu hanyar yaɗuwa, maƙwabcin da ba ya son warin fitsarin muzuru da kukan dare ya fara tunanin sayen guba. Ba ina cewa a daina ciyarwa ba ne. Yunwa ba ta hana kyanwa haihuwa, sai dai ta ƙara yawan 'ya'yan da za su mutu. Amma ciyarwar da ba a haɗa ta da hana haihuwa ba rabin taimako ce.

To me ya sa ba za a kwashe su gaba ɗaya ba? Istanbul ta taɓa gwadawa da karnuka. A 1910 hukuma ta tattara dubban karnukan titi ta zube su a wani busasshen tsibiri da ke tekun Marmara, Sivriada, inda yunwa da ƙishirwa suka kashe su. Har yau abin kunya ne a tarihin birnin, kuma karnuka sun dawo. Masana sun san dalili: muddin akwai juji da abinci da wurin fakewa, in aka kwashe dabbobin wuri wasu za su shigo su cike gurbin. A Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya an gwada kashe kyanwoyin daji kaɗan-kaɗan a wasu wurare biyu, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna yawansu ƙaruwa ya yi. Da alama manyan da ke tsare da yankin ne suka faɗa tarko, sai baƙi suka kwararo.

Maimakon kwashewa, dokar kare dabbobi ta Turkiyya mai lamba 5199, ta shekarar 2004, ta ɗora wa ƙananan hukumomi aikin kamawa, hana haihuwa, rigakafi da mayarwa. Aikin kansa ba mai tsawo ba ne. Ana sa tarkon keji da ɗan kifi a ciki, in ƙofar ta rufe sai a lulluɓe kejin da zane don dabbar ta natsu. Likita ya yi mata allurar barci. Muzuru fiɗiye shi ake yi, 'yan mintoci an gama. Macen ita ce mai ɗan aiki, don sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa an ɗinke. Tana cikin barcin ake yanke bakin kunnen, don gobe wani ya hango ta daga nesa ya san an gama da ita, kada a sake kama ta a sake yanka ta a banza. In ta farfaɗo ta warware sai a mayar da ita lungunta, ba wani wuri ba, domin can ta san maɓoya da inda ruwa yake. Muzurun da aka fiɗiye yakan rage yawo da faɗa da feshin fitsari, macen kuma ta daina kukan neman namiji. Yawancin abin da maƙwabta ke ƙorafi a kai ke nan. Hukumar birnin Istanbul har motar asibitin dabbobi take da ita, Vetbüs, mai zagaya unguwanni.

Allurar da ake haɗawa da aikin ta ciwon haukan kare ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Kyanwa ma tana ɗauka, tana kuma iya sa wa mutum.

Masu goyon bayan wannan tsari wani lokaci kan zuzuta shi fiye da kima, kuma hakan ba ya taimakonsu. Yana aiki, amma da sharaɗi mai tsauri. A birnin Rishon Leziyon na Isra'ila an bi diddigin kyanwoyin titi shekara 12, sakamakon ya fito a 2022: yawansu bai fara raguwa ba sai inda aka yi wa sama da kashi 70 cikin 100 aikin, a unguwannin da ke manne da juna, kuma ko a nan raguwar kusan kashi 7 cikin 100 ce a shekara. Inda aka yi a unguwa ɗaya aka bar na kewaye, baƙi ne suka cike gurbi. Ma'ana, hukumar da ta yi wa kyanwoyi ɗari aiki ta kira 'yan jarida, sannan ta nannaɗe tabarmarta, kuɗin jama'a kawai ta ƙona. Haka kuma kyanwar da aka yi wa aiki ba ta daina farauta ba. Masu kare tsuntsaye suna da gaskiyarsu, shi ya sa abin da ya dace da tsakiyar Istanbul bai dace da tsibirin da tsuntsaye ke ƙwai a ƙasa ba.

Turkiyya da kanta ta ɗanɗana kuɗar aikin da aka yi rabi da rabi. Shekara 20 bayan dokar 2004, ƙananan hukumomi da yawa ba su gina wuraren aikin da aka umarce su ba, gwamnati kuma ta ce karnukan titi sun kai miliyan huɗu. A Yulin 2024 majalisa ta sauya dokar: yanzu kwashe karnuka za a yi a tsare, a kashe masu haɗari da masu cutar da ba ta warkewa. Dubban mutane sun fito zanga-zanga. Kyanwoyi sun tsira daga wannan tanadi, amma masu kula da su sun ga yadda jama'a kan juya baya in yawan dabba ya fi ƙarfin haƙurinsu. Ta wani ɓangaren kuma doka ta ƙara tsanani kan masu cin zali. Tun 2021 wanda ya kashe dabbar gida da gangan na iya shan ɗaurin wata shida zuwa shekara huɗu. Da wani mutum ya kashe wata kyanwa mai suna Eros da shuri a wani gidan bene a Istanbul a farkon 2024, aka yi masa hukunci mai sauƙi, hayaniyar jama'a ce ta sa aka sake shari'ar, aka yanke masa shekara biyu da rabi.

Mu a nan ba mu da motar asibitin kyanwa, kuma likitan dabbobinmu shanu da tumaki da kaji sun ishe shi. Amma matsalar iri ɗaya ce, maganinmu ne ya bambanta: in mage ta haihu a ɗakin girki, a zuba 'ya'yan a buhu a ba yaro ya kai bakin kasuwa ko juji ya zubar. Uwar da aka raba da 'ya'yanta kuwa cikin 'yan makonni ta koma neman muzuru. Wasu kan ce fiɗiyar kyanwa canza halittar Allah ce. Malamai sun yi saɓani a kai, akwai waɗanda suka halatta in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mai wannan ƙyamar sau da yawa yana da taure ɗaure a gidansa, wanda aka dandaƙe ba tare da allurar kashe zafi ba.

Akwai kuma ɓarnar da jahilci ke yi da sunan taimako. Madarar shanu da muke ɗauka abincin kyanwa ce tana sa yawancin manyansu gudawa, ruwa mai tsabta ya fi musu. Albasa da tafarnuwa da ke cikin ragowar miyarmu suna lalata musu jini. Maganin ɓera da ake barbaɗawa a lungu yana iya bi ta cikin ɓeran ya kama wadda ta ci shi. Mafi muni shi ne farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, don haka ƙwaya ɗaya da mai gida ya jiƙa ya ɗura mata saboda ya ga jikinta da zafi ta isa ta kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara.