Ba sai ka fasa kwamfutar mutane ba kafin VM ta samu intanet

Akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu masu koyon kwamfuta, daga Bagudo zuwa Kaoje, Illo da Tsamiya, kuma ta ishe ni ji. Wai muddin ba kai ne adimin a kan kwamfuta ba, duk VM ɗin da ka kunna a cikinta ba za ta taɓa ganin intanet ba. Da maganar ta tsaya a baki da sauƙi. Yaro ne zai dawo hutu daga makaranta a Birnin Kebbi ko Aliero, ko kuwa ya shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ba shi da kwamfutar kansa. Sai ya tafi shagon da ake buga takardu da cike fom, ko ya ari laftof ɗin ofishin yayansa. Da ya ga an nemi kalmar sirrin adimin, sai ya zaro filash mai ɗauke da manhajar fasa kalmar sirri wadda wani aboki ya tura masa, ya kashe rigakafin bairos, ya danna. Kwamfutar da ake cike wa mutanen gari takardu, mai ɗauke da lambobin NIN da hotunansu da lambobin asusunsu na banki, ita ce ya buɗe wa abin da shi kansa bai san wanda ya rubuta shi ba. Garin neman gira a rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba ne.

VM dai kwamfuta ce ta manhaja da ke aiki a cikin kwamfuta ta gaske. Ta gasken ita ce uwa, ta cikin ita ce baƙuwa. Adimin kuwa shi ne mai ikon canza abin da ya shafi na'urar gaba ɗaya. Wannan ya isa.

Ji-ta-ji-tar ta samo asali daga wata gaskiya da aka ji rabinta. Akwai hanyar haɗa baƙuwa da intanet da ake kira gada, inda baƙuwar ke bayyana a kan layi kamar wata na'ura mai zaman kanta, da adireshinta daban. Wannan kam sai da adimin, domin sai an ƙirƙiri sabon katin sadarwa a cikin uwar, an taɓa tsarin da kowa ke amfani da shi. Yawancin bidiyoyin koyon tsaron intanet da yaranmu ke kallo ita suke nunawa, saboda mai bidiyon a kan kwamfutarsa yake zaune, ba shi da wanda zai roƙa. Daga nan aka ɗauka cewa babu wata hanya sai ita.

Alhali ɗaya hanyar ta girmi yawancin masu musun. A 1995 wani mutumin Ostareliya mai suna Danny Gasparovski ya rubuta wata manhaja, Slirp, domin mutanen da aka ba ƙaramin asusu a babbar kwamfuta, ba su da ikon canza komai a cikinta, amma suna son haɗa na'urarsu ta gida da intanet. Ka ga ke nan don marar iko aka gina ta tun asali. Da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar da QEMU, manhajar kunna VM, a 2003, daga baya aka shigar da dabarar Slirp a cikinta, kuma har yau idan ka kunna QEMU ba ka ce mata komai a kan sadarwa ba, wannan hanyar take ɗauka da kanta. Tsarin NAT na VirtualBox, wata manhajar kunna VM ɗin, ma daga wannan tushe ya fito.

Wanda ya san harkar fatauci ba zai sha wahalar gane yadda take aiki ba. Baƙon ɗan kasuwa da ya tsallako daga Segbana ko Malanbil na ƙasar Binin ba ya shiga kasuwa ya yi ta ciniki da sunansa. Gidan fatoma yake sauka, fatoma ya sayo masa, ya sayar masa, 'yan kasuwa kuma fatoman kawai suka sani. Haka QEMU take yi wa baƙuwa. Idan baƙuwa ta nemi wani shafi, QEMU ce ke karɓar buƙatar ta fita da ita da sunanta, kamar yadda Chrome ko Firefox ke yi, ta dawo da amsa. To tunda ba a tambayarka kalmar sirrin adimin kafin ka buɗe Chrome, don me za a tambaye ka a nan? Baƙuwa za ta samu adireshi 10.0.2.15, mafitarta 10.0.2.2, mai fassara mata sunayen shafuka yana 10.0.2.3, duk ba tare da ka rubuta lamba ko ɗaya ba.

Sai kuma hujjar da suka fi kafawa, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Yaro zai kunna baƙuwa, ya rubuta ping da adireshin Google, ya ga shiru, ya ce shi ke nan babu intanet, bari in nemo adimin. Haba! Ping wani irin saƙo ne na daban, ba irin wanda ake buɗe shafi ko sauke manhaja da shi ba. A kan na'urori da yawa, musamman idan uwar Windows ce, wannan hanya ba ta fitar da shi waje, alhali sauran abubuwa suna wucewa lafiya lau. Shirun ping a nan ba ya nuna komai. Buɗe shafi a cikin baƙuwar, ko ka gwada curl, ko ka sa ta sauke wata ƙaramar manhaja. In ta sauke, intanet na nan. In ma ping ɗin ne dole, yi wa 10.0.2.2, za ta amsa. Wasu sababbin Linux, idan su ne uwa, suna barin ping ya wuce, shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa nasa ya yi, wani yana rantsuwa nasa bai yi ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Kwamfuta nawa aka lalata a kan wannan shirun kaɗai, Allah ne masani.

Wani zai ce to ya ji, amma ai daga waje ba a iya shiga baƙuwar. Gaskiya ne, kuma ga mai koyo wannan alheri ne, domin baƙuwar da kalmar sirrinta 1234 ce gara ta zauna inda ba a ganinta. Idan kai kanka kake son shiga daga uwar, tura ƙofa ake yi. A layin kunna QEMU ka ƙara wannan:

-nic user,hostfwd=tcp:127.0.0.1:2222-:22

Ma'anarsa, duk abin da ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 2222 a uwa, a kai shi ƙofa ta 22 a baƙuwa, inda SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ke jira. Sai ka shiga 127.0.0.1 da ssh -p 2222. Kula da abu biyu. Ka zaɓi lamba sama da 1023, domin a Linux ƙofofin da ke ƙasa da 1024 na adimin ne. In kana gwada shafin da ka gina, tura 8080 zuwa 80. Kuma kada ka cire 127.0.0.1 ɗin nan don ka ga wani ya rubuta babu shi. In ka cire, ƙofar ta buɗe wa duk wanda ke kan layin shagon, ba kai kaɗai ba.

Masu koyon tsaro da ke son na'ura biyu, ɗaya ta kai hari ɗaya ta kare, su ma ba su da uzuri. QEMU na iya haɗa baƙi biyu kai tsaye da zaɓin socket: ɗaya ta saurara, ɗaya ta kira, ka ba kowacce adireshi da hannu. A tsakaninsu ping yana aiki, nmap yana aiki, kuma babu abin da ya taɓa layin mutane. Wannan ya fi gada dacewa da mai koyo nesa ba kusa ba, domin da gada, kuskuren lamba ɗaya ya isa ka lalubi kwamfutar maƙwabcin teburinka ko firintar mai shago. In kuma wata manhaja ce da ba ka yarda da ita ba kake son gwadawa, ƙara restrict=on, baƙuwa ta kasa fita ko'ina.

Ba zan ɓoye iyakar abin ba. VirtualBox da VMware sai adimin ya girka su tukuna. QEMU tana iya tashi daga folda ba tare da wannan ba, amma idan ba a buɗe maka KVM, mai ba VM sauri, a Linux ko makamancinsa a Windows ba, tafiyarta a hankali ce ƙwarai. Maganinsa ka rage buri: Kali Linux da kowa ke rububinta ta haura gigabait 3, ga nauyi, alhali Alpine Linux ta VM ba ta kai megabait 100 ba kuma za ta koya maka sadarwa sosai. Mai son sauri a sadarwa a kan Linux akwai passt, ita ma ba ta neman adimin. Sauran dalilan ƙin aiki, kamar ƙarancin ma'adana ko kati marar direba a cikin baƙuwa, ba su da alaƙa da iko ko kaɗan.

Amma kada wani ya karanta wannan ya ce an ba shi lasisi. Rashin buƙatar kalmar sirri bai cire buƙatar izini ba. Kwamfutar ofis amana ce a hannun wanda aka ba, ta shago kuma abincin mai ita ce. Ka je ka ce, "Oga, ina son in gwada wani abu a folda ɗaya, ba zan taɓa saitinka ba, in na gama in goge." In ya ce a'a, to a'a ce. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024, kuma shiga kwamfutar wani ba izini na cikin abubuwan da ta taɓo. Ku ma masu shaguna, ku daina ba yaran shago kalmar adimin don kawai a huta da roƙo, ku daina rubuta ta a takarda kuna liƙawa a gefen allo.

Mu na bakin iyaka muna da namu ƙarin. Tunda baƙuwa ta cikin uwa take fita, duk layin da uwa ta hau shi take ci. A Lolo ko Tsamiya waya takan bar layin Najeriya ta kama na Binin, MTN ɗin can ko Moov ko Celtiis, ba ta yi maka sallama ba. Idan da hotsifot ɗin wayar kake aiki, baƙuwa kuma ta fara sabunta kanta, ba ta san ka gaya wa Windows ya yi tsimin data ba, wannan saitin a uwa ya tsaya. Ka kashe romin na data, ka zaɓi layinka da hannu a saitin waya, ka kashe sabuntawa ta kai-da-kai a cikin baƙuwar. Wasu laftof ɗin da suka shigo ta Kwatano kuma madanninsu na Faransanci ne, A a gurbin Q, Z a gurbin W. Baƙuwa takan ɗauka na Amurka ne, sai kalmar sirrin da ka sa da hannunka ta ƙi shiga, ka zaci wani ya kulle ka. Canza tsarin madannin a cikin baƙuwar kafin ka sa kalmar sirri.