Gaya: Fargabar da ta ƙi kwanciya ciwo ce, kuma tana da magani

Garin Gaya, cikin jihar Doso, da iyaka yake ci. Gadar da ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin a da ita ce ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kotonu, hanyar Kamba kuwa ita ke kai su Najeriya. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sa aka rufe gadar, manyan motoci suka yi cirko-cirko, jama'a suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale. Ƴan dako, direbobi, ƴan kabu-kabu da mata masu tuwon sayarwa duk sun ji a jikinsu.

Magidancin da cinikinsa ya tsaya, in ya kwana yana tunanin hatsin gobe, ba shi da ciwo. Wannan damuwa ce mai dalili, takan kwanta idan hali ya gyaru. Amma akwai wadda ba ta kwanciya. Ko an samu abin sawa a tukunya, gaba na ta faɗuwa, barci ya ƙaurace, mutum ya riƙa jin kamar wani mugun abu na tafe. Ita ce likitoci ke kira ciwon fargaba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a shekarar 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu kaɗai ke samun magani. Mata sun fi maza kamuwa.

Sau da yawa jiki ne ke fara kai ƙara: bugun zuciya, gumi, makyarkyata, ciwon kai, murɗar ciki, numfashi sama-sama. Wani lokaci abin kan taso farat ɗaya, mutum ya ɗauka ajali ne ya zo, bayan ƴan mintoci ya lafa. A nan ne wasu ke cewa iska ce ko sammu, a yi ta kashe kuɗi, ciwo na nan daram.

Yaushe ya kamata a nemi likita? Idan fargaba ta kai makonni tana hana barci ko cin abinci. Idan ta hana mutum zuwa gona, kasuwa ko wurin aiki. Idan ya fara gudun jama'a, ko ya koma shan tramol da ƙwayoyin bakin titi domin ya samu sauƙi. Wanda kuwa ya fara maganar ya gaji da duniya, ko yana tunanin halaka kansa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Haka ma mai ciwon ƙirji mai tsanani.

Matakin farko shi ne gidan likita na unguwa ko asibitin Gaya. Za a auna jini a duba zuciya, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan yi kama da fargaba. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai babban asibitin Doso, akwai kuma sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa na Yamai. Magani ya haɗa da zantawa da ma'aikacin da ya ƙware, koyon jan numfashi a hankali, rage shayi mai ƙarfi da goro. Ƙwaya kuwa sai wadda likita ya rubuta, kuma takan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta.

Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Saboda haka muna kira ga masu unguwanni, limamai, malaman yaƙi da jahilci da shugabannin ma'aikatu su fahimtar da jama'a cewa fargaba ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska: wanda ya ga ɗan'uwansa ya sauya, ya zauna ya saurare shi, sa'an nan ya raka shi gidan likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.