Gargaɗi ga masu na'urar ajiyar kirifto a cikin Birni: ku karanta kafin ku danna

Jama'ar cikin Birni, daga Ƙofar Mata zuwa Jakara, daga Kurmi zuwa gindin Dala, wannan saƙo na duk wanda ya sayi ƙaramar na'urar nan mai kama da filash ta ajiyar kuɗin kirifto ne, Ledger ce ko Trezor ko wata irinsu. Ko a hannunka take, ko ta ɗanka ce, ko yaron shago ne ke riƙe maka, kada a sake jona ta da kwamfuta ko waya sai an gama karanta wannan.

Masu irin wannan ajiya sun yawaita a Kano. Ga 'yan kasuwar da ke riƙe USDT don biyan kaya a Chana, ga matasan da suka shigo ta hanyar mainin a 2024, zamanin Notcoin da Hamster Kombat. An ce musu su sayi na'ura su huta da ɓarayi, kuma maganar da gaskiyarta, domin mabuɗin kuɗin yana kulle a cikinta, ba ya fita ko an jona ta. Sai dai ɓarawon yanzu ya daina wahalar neman mabuɗi. Yatsanka yake so, ka danna amincewa da kanka a kan abin da ba ka karanta ba.

Na'urar ba ta shiga intanet ita kaɗai. Burauza, kamar Chrome ko Brave, ko manhajar lalita irin MetaMask, ita ke tsara umarnin biyan kuɗi ta miƙa mata ta sa hannu. Idan aka gurɓata burauzar ko shafin, fuskar kwamfuta za ta nuna maka abu ɗaya, a miƙa wa na'urar wani daban. Duk Bakano ya san ƙarshen wanda ya dangwala yatsa a takardar gida don kawai dillali ya karanta masa da baki.

Haka aka yi wa Bybit, babbar kasuwar kirifto da ke Dubai, ranar 21 ga Fabrairu, 2025. An riga an sauya shafin Safe da manyansu ke bi wajen sa hannu. Suka ga adireshi daidai a kwamfuta, suka amince, aka kwashe Ethereum na kusan dala biliyan 1.5. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗora laifin a kan 'yan kutsen Koriya ta Arewa. Kamfani ne mai ƙwararrun tsaro da yake biya albashi, balle kai da kwamfutar da yara ke kallon fim a kanta.

Kada kuma ka ce ai kai shafin gaskiya kawai kake shiga. Ranar 14 ga Disamba, 2023, aka yaudari wani tsohon ma'aikacin Ledger da saƙon bogi, aka bi ta asusunsa aka dasa mugun abu a cikin Connect Kit, wato ɓangaren da shafukan kirifto da yawa ke aiki da shi wajen haɗa lalita. Shafukan na asali ne, adireshinsu daidai, amma akwatin haɗawar da ya ɓullo na ɓarayi ne. Cikin 'yan awoyi aka yi gaba da kusan dala 600,000.

Saboda haka ɗan ƙaramin allon da ke jikin na'urar shi kaɗai ne abin yarda. Kafin ka danna, karanta adireshin da ya fito a kansa tun daga farko har ƙarshe, ka gwada shi da wanda mai karɓar kuɗin ya ba ka. Duba haruffa huɗun farko da huɗun ƙarshe bai isa ba. Ɓarayi na ƙirƙirar adireshi mai farko da ƙarshe irin na abokin cinikinka, su turo maka ɗan ƙwandala da shi don ya shiga jerin mu'amalolinka, wata rana kana sauri ka kwafo nasu. Duba yawan kuɗin shi ma. In kuɗin mai nauyi ne, fara tura kaɗan, ka kira mutumin ya ce ya gani. In kuwa na'urar ta nuno wasu dogayen lambobi da haruffa marasa ma'ana, ko ta ce ka kunna sa hannu ido rufe, to tsaya nan. Da yawa daga cikin shafukan da ke cewa zo ka karɓi kyautar iyadirof izini suke nema, wanda zai ba su damar ɗibar duk USDT ɗinka ba iyaka, yau ko bayan wata shida.

Sai kalmomin sirri, 24 ko 12 ko 20, gwargwadon na'urarka. Wanda ya same su ya sami kuɗin, ko na'urar tana aljihunka. Kuskuren da ake yawan yi a wajen haɗawa da MetaMask shi ne mutum ya zaɓi shigo da lalita ya rubuta kalmomin na'urarsa a ciki. Da ka yi haka ka kashe amfanin na'urar, kuɗin da ka saye ta ya tafi a banza. Wurin da ake bi shi ne na haɗa na'ura: ka jona igiya, ka sa lambar sirrinka a jikin na'urar, Chrome ya fito da ɗan akwati yana neman izinin magana da ita, ka zaɓi sunanta. Babu inda kalmomi ke shiga cikin wannan. Duk shafi ko saƙo ko mai kiran waya da ya nemi kalmomin, wai don sabuntawa ko gyara ko tantancewa, ɓarawo ne, ko da tambarin kamfani ya zo. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura wa kai a WhatsApp. A rubuta a takarda a adana inda gara da yoyon damina ba sa kaiwa, abin da masu zama a gidajen ƙasa suka fi kowa sanin muhimmancinsa. Kuma a sanar da amintaccen mutum ɗaya inda take, saboda haƙƙin magada.

Manhajar na'urar kanta ma ana yin jabunta. A Nuwamban 2023 wata Ledger Live ta bogi ta shiga rumbun manhajojin Microsoft, ta kwashe bitcoin na sama da rabin dala miliyan kafin a cire ta. Rubuta ledger.com ko trezor.io da hannunka. Kada ka bi tallar da ke fitowa a saman Google, kada ka karɓa ta Xender, kada ka bar mai gyaran waya ya loda maka. Kwamfutar kafe ko ta aro ba wurin wannan aiki ba ce. A taka ma, ware burauza guda don kuɗi kawai, ka cire tarkacen ƙananan manhajojin da aka liƙa mata, ka zare na'urar da zarar ka gama.

Wajen saye kuwa, a Farm Centre ka gan ta ko a Beirut Road, ko wani ne ya yi maka tsarabarta daga Dubai, sharaɗin ɗaya ne: ita ce za ta fitar da sababbin kalmomi a gabanka. Wadda ta zo da kalmomi a buge a kati, ko da lambar sirri a shirye, tarko ce. Ta hannu kuwa a bar ta ko kyauta ce. Bayan da aka fallasa sunaye da adireshin masu sayen Ledger sama da 270,000 a 2020, har gida aka riƙa aika wa wasu na'urorin jabu a kwali mai kyau, da wasiƙar cewa su canza tsohuwar.

In ka riga ka rubuta kalmominka a wani wuri, kada ka jira gari ya waye. Samar da sababbin kalmomi yanzu, ka kwashe komai zuwa sabon adireshi, ka manta da tsohon. In izini ka bayar, je ka soke shi a Revoke.cash, amma can ma ka karanta allon na'urar, domin shi kansa shafin yana cikin waɗanda harin Disamban 2023 ya taɓa. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, amma babu hukumar da ke da maɓallin dawo da kuɗin da ka sa wa hannu. Duk da haka ka adana lambar mu'amalar da adireshin da kuɗin ya tafi, ka kai ƙorafi ofishin EFCC na Kano. Za kuma ka ga wasu sun ɓullo a Telegram ko Facebook suna cewa su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗin da aka sace, in ka fara biyan wani abu. Waɗanda manhajar zuba jari ta CBEX ta rufta da kuɗinsu a Afrilun 2025 ma an sake neman su biya kuɗi wai kafin a sakar musu nasu. Kada ka ba su ko sisi.